Tasalla da Audugar Sama

Ku matso kusa da wuta. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata yarinya ce ana kiranta Tasalla. Marainiya ce, da kaɗin zare take ci da kanta. Wata shekara tsutsa ta cinye audugar garinsu kakaf, mazarinta ya kwanta, tukunyarta ma ta kwanta.

To akwai Tsattsewa da ke sheƙa a ɗakinta. Ta ce mata can arewa, bayan hamada, bayan teku, akwai ƙasar da auduga ke zubowa daga sama kyauta. Ita kuwa Tsattsewar nan sau ɗaya ta taɓa hango abin, tana cikin gudun barin ƙasar, amma kun san mai yawo da daɗin baki.

Tasalla ta ɗauki mazari da kwando, ta zuba garwashi a kasko, ta kama hanya. Tana tafiya, tana ciyar da wutarta da ƙirare. Tana tafiya, tana tafiya, har ta isa wani ƙauye mai bukkokin katako, ta sami wata ba kowa ta shiga.

Washegari sai ga fari yana saukowa, lallausa, ba ƙwaya ba datti. Ta ce abin nema ya samu. Ta cika kwando, ta kai gefen wuta, ya zama ruwa. Ta sake cikawa, ya zama ruwa. Ta cika na uku ta rungume a ƙirji, ya jiƙa mata zane, haƙoranta suka hau kaɗawa. Nan ta gane ƙanƙara ce. Ta juya za ta koma gida, hanya ta shafe. Rana ta faɗi, ta ƙi fitowa. Kogi ya daskare har ana tafiya a kansa. Yarinyar nan ta yi kuka, hawayen ma suka daskare a kumatunta. Abin tausayi.

Ashe ƙasar Sarkin Sanyi ce. Kullum yana zagayawa ya hure wutar gida ɗaya, ɗaya tak, ƙarfinsa ke nan. Wanda wutarsa ta mutu sai barci ya ɗauke shi, ba ya tashi. Don haka mutanen ƙauyen kowa ya garƙame ƙofa, ya rungume murhunsa, kowa tasa ta fisshe shi. Ba sallama, ba gaisuwa, sai rana ta dawo a ƙirga waɗanda suka rage.

Tasalla ba ta san wannan ba. Abin da ta sani, ba a wayi gari ba a gai da maƙwabta ba. Ko ba rana, cikinta ya gaya mata safiya ta yi. Ta ɗauki kasko don ɗumin hannu, ta kutsa cikin ƙanƙara har gwiwa.

Gidan farko ta yi sallama, shiru. Ta tura ƙofa, ga tsohuwa mai kamun kifi a kwance, murhu ya yi sanyi, ido ya fara lumshewa. Ta ce, “Ina kwana, Baba?” Ta zuba mata garwashi, ta hura. Tsohuwa ta farfaɗo, ta tambaye ta nawa za ta biya. Tasalla ta yi dariya, ta ce a garinsu ba a sayar da wuta, ɗiba ake yi. Tsohuwa ta ba ta busasshen kifi.

Kashegari ta gai da wani maharbi mai karyayyar ƙafa. Wutarsa ta mutu, ta tashe ta. Ya ba ta rigar fata.

Rana ta uku ta gai da Tunkiya mai gashi har ƙasa. Wutarta ta mutu, 'ya'yanta biyu sun sandare. Tasalla ta tayar da wutar. Tunkiya ta ce ba ta da komai sai gashin jikinta, ta ɗiba. Tasalla ta taɓa, ta ji ya fi auduga laushi. Ta koma ɗaki, mazari ya tashi.

Sarkin Sanyi ya duba, duk inda ya hure hayaƙi na tashi. Ransa ya ɓaci. Ya bi sawun ƙananan ƙafafu har bukkar Tasalla, ya sa baki a ramin ƙofa yana waƙa:

“Wutar wa ke ci? Wutar baƙuwa.
Fuuu, ta mutu, barci ya zo.”

Kasko ya yi baƙi ƙirin. Tasalla ta tona toka, ba ko ɗigon ja. Ta yunƙura za ta fita, ƙafa ta ƙi. Zare ya suɓuce daga yatsunta. Barci mai daɗi ya fara janta, tana ganin kamar tana shan hantsi a ƙofar gidan uwarta.

Can sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wata murya tana kokawa da kalmomin da ba ta saba ba: “Ina kwana, 'yata?”

Tsohuwa ce, da garwashi a cikin tukunya. Bayanta maharbi yana dogara sanda, da itace a kafaɗa. Bayansa Tunkiya da 'ya'yanta. Sun jira gaisuwarta ba ta zo ba, shi ne suka ce ba lafiya ba. Tsohuwa ta zuba wutar a kasko ta ce, “Taki ce, ajiya kika ba ni.” Tunkiya ta kwanta a ƙafafunta har jini ya dawo.

Daga ranar, kowace safiya ƙauyen nan sai an bi gida gida. Sarkin Sanyi ya hure ɗaya, a kunna ta daga goma. Ya hura, ya hura, har numfashinsa ya ƙare. Da rana ta dawo aka ƙirga mutane, ba a rasa ko ɗaya ba.

Tsattsewa ta iso da ɗumi, tana sunkuyar da kai don kunya. Tasalla ba ta yi mata faɗa ba. Ta ɗora dammunan zaren gashi a kai, ta ce wa Tsattsewa ta wuce gaba ta nuna hanyar gida.

Kun ji dai, yara. Wutar da ka rufe a ɗaki iska ɗaya ke kashe ta, wadda ka ba maƙwabci kuwa ita za ta zo nemanka.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Ba don gizo ba da na yi muku ƙarya. Kafin ku kwanta, wani ya leƙa ya ga ko murhun maƙwabta na ci.