Ƙamshin Mangwaro a Turaren Yakaka

Talha, Hauwa, Ummu Salma, ku ajiye wayoyin nan ku ba ni hankalinku. Na san kowannenku ya tsinci gutsuren maganar nan a bakin mutane, kuma rabin abin da kuka tsinta ƙarya ne. Ga ta daga tushe, yadda Babagana ya zayyana mini da bakinsa, da abin da idona ya gane mini.

Ɗan'uwanku Babagana, ɗan ƙanwata Yakaka, ba mugu ba ne. Yana da rumfar gyaran waya a kasuwar Azare, hannunsa na da kyau, ba ya zagi, ba ya faɗa. Aibinsa ɗaya ne. Gara masa ya ɓoye abu shekara guda da ya ga an ɗaure masa fuska na minti biyar. In gaskiya za ta ɓata wa wani rai, sai ya haɗiye ta ya yi murmushi.

Bara ya koyi zuƙar shishar aljihu, irin wadda ake yarwa in ta ƙare. Ba a daɗe ba uwarsa ta tsinci gangar jikinta har uku a kwandon shara, ja da kore da ruwan ɗorawa. Kun san Yakaka. Mijinta taba ce ta cinye masa ƙirji, ita ta yi jinyarsa shekara biyu tana tare masa tari da kwano. Ta zaunar da ɗan nata ta ce, "Baba, na binne ɗaya saboda hayaƙi. Ba zan binne na biyu ba." Ya sunkuyar da kai ya rantse ya daina. Ba ta yarda ba. Daga ranar kwandon shara ba ya fita sai ta tona shi da sanda, rigarsa ba ta zuwa wanki sai ta zazzage aljihun.

Kwana tara ya yi. A na goma maƙwabcin rumfarsa ya ga yana ta hamma yana cizon yatsa, ya yi dariya ya zaro wani ɗan baƙin abu siriri.

"Kai har yanzu kana kan ta yarwa? Ai an wuce nan. Wannan caji ake yi mata da igiyar wayarka, jikin naka ne har ka gaji da shi. Ɗan ƙwanson nan na sama kaɗai ake canjawa, kuma da ruwansa a ciki yake zuwa. Ya ƙare ka zare, ka ɗana sabo."

"Ita ba ta da illa ke nan?"

"Ni likita ne? Na dai ce maka ba ta tara shara."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta kama shi. Ba lafiyarsa ya duba ba, kwandon uwarsa ya tuna. Ya saya, da ƙwanso mai ƙamshin mangwaro. A gida yakan jona ta a tsakiyar wayoyin mutane da ya kawo gyara, Yakaka ta wuce ta gabanta sau goma ba ta kula ba.

Matarsa Meram ce ta kula. Ta ɗauka ta juya, ta kai hanci.

"Wannan fa?"

"Filash ne na kwamfuta, na aiki."

"Filash mai mangwaro? Yaya, a gidan turare aka haife ni."

Ya rufe ƙofa ya shiga magiya. Wai da irin wannan ake dainawa a hankali, wai wata ɗaya kawai yake nema. Meram ta ce, "Ni ba zan kai ƙararka ba. Amma kai za ka faɗa wa Hajiya da bakinka." Ya ce to. Wata ɗaya ya zama huɗu.

Yanzu ku ji inda abin ya taɓa Meram. Shekara talatin Yakaka na haɗa turaren wuta, kuma daga Azare har Gamawa amaryar da aka kai ba da turarenta ba sai an yi gulma. Ba ta taɓa barin hannun kowa ya shiga tukunyarta ba. Sai da gwiwa ta hana ta tsugunno, sannan ta dubi surukarta, 'yar mutanen Barno irinmu da ke zaune a garin Katagum, ta koya mata awon sukari da na madarar turare, ta damƙa mata makullin ɗakin da ake ajiye kayan. A wurin Meram makullin nan ya fi gwal ɗin lefenta. Shi ne shaidar an yarda da ita a gidan.

Makullin kuwa a ƙusa yake rataye a ɗakinsu. Babagana ya yi lissafinsa irin na masu wayo. Ina ne wari zai ɓace in ba a ɗakin turare ba? Kullum ya dawo cin abincin rana, uwar ta kishingiɗa, matar na madafa, sai ya zare makullin ya shige, ya tura ƙofa, ya yi zuƙarsa tsakanin buhunan sandal da kajiji. Saura ƙwanson da ya ƙare. Kwandon shara ba hali, aljihu ba hali. Sai ya riƙa cusa hannu har gwiwar hannu cikin buhun sandal yana binne shi, da niyyar wata rana zai kwashe. Bai san ƙwanson ba ya ƙarewa ƙaf ba. Bai kuma san busasshen itacen turare aikinsa ke nan shan duk ƙamshin da ya taɓa shi ba. Bazara ta zo da zafinta, ɗakin ya zama tanda, ragowar ruwan ya riƙa tsatsowa.

Wata Laraba wata mata ta taso tun daga Gololo da kwalabe shida da ta saya na bikin 'yarta. Ta dire su a tsakar gida, gaban matan unguwa da suka zo sayen humra.

"Hajiya, turare na saya ko alawar yara? Dangin ango har tambaya suke wa ya yanka mangwaro a ɗakin amarya."

Yakaka ta buɗe kwalba ɗaya. Ta sa aka kawo kasko, ta barbaɗa, ta rufe ido. Hayaƙin farko nata ne. Na biyu ya zo da wani zaƙi-zaƙi mai hawa kai. Ta buɗe ido ta ƙwala wa Meram kira.

"Me kika zuba mini?"

"Abin da kika koya mini, Hajiya."

"Ni na koya miki wannan? Ina madarar da na auna miki? Kin karkatar da ita kin cika da turaren bakin titi, ko? Dama tun da na ga sabon mayafi na ce akwai magana."

Daidai lokacin Babagana ya shigo. Ƙamshin ya tare shi tun daga zaure, kuma ya gane shi kamar yadda mutum ke gane muryarsa. Meram ma ta gane. Ba ta san da binne-binnen ba, amma ta san mangwaron wa ne. Ta ɗago ta dube shi, ido cikin ido, tana jira. Matan ma suka juya suna kallonsa. Ya ce mini a lokacin maganar ta zo masa har baki. Sai ya hango fuskar uwarsa. Ya zaro waya ya kara a kunne, wayar da ba ta yi ƙara ba, ya koma zaure yana "Na'am, ina jinka."

Yakaka ta miƙa hannu. Meram ta shiga ɗaki ta ciro makullin daga ƙusa ta sa mata a tafi.

Kwana uku Meram tana ba shi dama. Kullum da safe in ta ajiye masa koko sai ta ce, "Yau za ka faɗa?" Shi kuma ya ce, "Bari ta huce tukuna." A unguwa kuwa an riga an raɗa mata suna. In ta fito ɗiban ruwa sai a yi shiru. A na huɗu ta haɗa kayanta a jaka ɗaya ta hau motar Katagum.

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Yakaka ta ce za ta nuna wa duniya hannunta bai mutu ba. Ta sa aka jawo mata buhun sandal, ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana tsincewa da kanta. Da ta kai tsakiya sai ga wani ɗan baƙin abu. Ta ƙara tonawa, ga wani. Ta zazzage buhun a tabarma. Goma sha ɗaya, baƙaƙe, masu danƙo, kowanne da ɗan ƙarfe a gindi. Ba ta taɓa ganin irinsu ba, kuma ba ta tambayi kowa ba. Mace ce da ta yi shekara talatin tana jiran ranar da mahassada za su yi mata asiri, ga shi ranar ta zo. Ta wanke hannu da gishiri, ta kwashe su da ludayi ta zuba a tsohon gwangwani.

Da Babagana ya dawo ta tura masa gwangwanin da ƙafa.

"Baba, ka ga abin da matarka ta binne mini? Ba sata kaɗai ba, har da sammu. So take ta kashe kasuwata ta buɗe tata."

Ya leƙa. Ya san kowanne, har ranar da ya binne shi. Allah ya sake ba shi ƙofa a buɗe, ya dube ta ya ce, "Allah ya kyauta, Hajiya."

A ranar Yakaka ta aika saƙon murya Katagum, wanda ba zan maimaita muku ba. Har kakar yarinyar da ke kabari sai da ta ambata.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Maigida, wan Meram, da ƙurar hanya a ƙafarsa. Aka aiko mini na je, don ni ce babba. Mutum ne mai sanyin magana, ya gaishe mu har ƙasa. Ya ce a nuna masa sammun. Yakaka ta turo gwangwanin tana cewa kada ya taɓa da hannu. Ya sa hannu ya ɗauki ɗaya, ya shinshina, ya goge da bakin rigarsa.

"Babagana, ara mini filash ɗinka na aiki."

"Wane filash?"

"Wanda ƙanwata ta rufa maka asiri a kansa wata huɗu. Jiya da ta ji an zagi kakarmu ta buɗe baki. Yana aljihun wandonka na dama, tun da na zauna kake dafe shi."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ita. Maigida ya zare ƙwanson da ke kai, ya kusanto da na cikin gwangwanin. Bai ma tura ba. Mayen ƙarfen da ke ciki ya fizge shi, ƙas, ya zauna daram, wata 'yar fitila ta yi ƙifta. Ya ajiye a gaban Yakaka.

"Hajiya, ga bokan."

Yakaka ta sunkuyo. Ta dubi abin, ta dubi ɗanta.

"Ranar da na karɓi makulli a hannunta, ka sani?"

"Na sani, Hajiya."

"Ranar da na nuna maka gwangwani?"

Ya gyaɗa kai. Ba ta mare shi ba, ba ta zage shi ba. Ta dafa bango ta tashi ta shige ɗaki.

Yau sati shida ke nan. Babagana ya je biko sau biyu, Meram ba ta fito ba. Ta aiko a gaya masa ba haƙurinsa take nema ba. A gaban matan unguwa aka kira ta ɓarauniya, aka bi ta da sunan mai sammu, don haka a gabansu take so Hajiya ta wanke ta da bakinta. Yakaka kuwa ta ce ta san ta yi kuskure, amma ba a haifi surukar da za ta tara mata don ta ba ta haƙuri ba. Shi gogan yana tsakani yana rama, ya kasa cewa uwarsa ta yi, ya kasa cewa matarsa ta bari. Maigida ya ce in wata ya tsaya ba a yi komai ba, takardar sakin ƙanwarsa zai zo karɓa.

To ku ji darasin, ku kuma gaya wa 'ya'yanku. Wanda ya canja abin shansa don ya fi sauƙin ɓoyewa bai daina komai ba, ƙarya kawai ya sake wa mazubi. Mai caji da ta yarwa, ƙirji ɗaya suke shiga. Shirun da mutum ya yi alhali ana tozarta marar laifi a gabansa, shi ma shaidar zur ne, ko bai buɗe baki ba. Ita kuma mai zargi, in ta saba tona shara tana neman laifi, ranar da ta samu ba za ta tsaya tambayar na wa ne ba. Ni na yi wa Yakaka magana, ta ce tun muna yara nake taka ta. Ku take jin kunya. Talha, ka ɗauki Babagana ku tafi Katagum, ya faɗi abin da ya yi a gaban mutanen gidan, kada ka taya shi ko da kalma ɗaya. Hauwa da Ummu Salma, ku zauna da innarku har sai ta yarda ta tara matan nan. Kwana tara ya rage wata ya tsaya. Ku tashi ku kashe wutar nan tun auren yana da sauran numfashi.