Kunkurun da Ya Kafe a Rairayin Sama

Akwai wani manomi a wani ƙauye na gindin dutse, sunansa Habila, dattijo ne a ikkilisiya. Ba ya cin na kowa, ba ya ƙarya, amma harshensa kamar sabon lauje yake.

Shi da abokansa biyu, Tela Zakka da Istifanus direba, akwai abin da ya shiga ransu. Waɗansu masu ilimi a wata ƙasa mai nisa sun ƙera wata 'yar mota marar direba, mai ƙafa shida, suka harba ta can sama zuwa wata jar duniya inda babu ruwa, babu ciyawa, babu ko ƙadangare, sai duwatsu da tuddan rairayi. Motar tana rarrafe tana aiko da hotuna. Kullum da yamma, in an taso daga gona, sai su ukun su haɗa kai a kan wayar Zakka a ƙofar shagonsa, su ga inda ta kwana. Saboda nawarta suka sa mata suna Kunkuru.

"Yau Kunkuru ya hau tudu," in ji Zakka.

"Da ni ke tuƙa shi, da tuni mun zagaye duniyar mun dawo da fasinja," in ji Istifanus.

Habila kuwa sai ya ƙura wa rairayin ido, ya ce, "Ƙasa har ƙasa, ba mai noma. Kai, Allah da iko yake." A nan kaɗai ake ganin haƙoransa.

Gama a gida akwai abin da ke cin zuciyarsa. Yana da ɗa guda, Gidiyon. Shekarar da ciwo ya shiga gonakin citta, Gidiyon ya tona tasa ya tarar duk ta ruɓe a ƙasa. Daga nan ya koyi hanyar gidan burkutu, yau ƙwarya ɗaya don ya manta, gobe biyu don ya manta da ta jiya. Ikkilisiya ta sa shi ƙarƙashin horo. Kun dai san yadda ake yi: mai horo a bencin baya yake zama, kusa da ƙofa, ba ya cin jibin Ubangiji. Uba yana gaba a kujerar dattawa, ɗa yana can baya kai a sunkuye, jama'a kuma suna tsakiya suna kallon wannan suna kallon wancan.

Habila ya yi faɗa har muryarsa ta dushe. A ƙarshe ya ce wa ɗan, "Ranar godiyar kaka za ka tashi gaban jama'a ka ce ka bar ta har abada. In ba haka ba, ka bar mini gida." Sai aka fara jin cewa ranar kasuwa Gidiyon zai bi mota zuwa ramukan haƙar ma'adinai, inda samari ke tafiya da ƙafafunsu, waɗansu a dawo da su a kafaɗa, waɗansu ko labarinsu.

Ana nan, wata rana Kunkuru ya hau wani tudun rairayi mai laushi, ƙafafunsa suka nutse. Ya kafe.

Zakka ya ajiye almakashi. Istifanus ya buga cinya ya ce, "A taka masa wuta mana! Me suke jira?"

"Masu motar sun ce a'a," in ji Zakka, yana karanto musu. "Wai in taya ta yi ta juyawa a rairayi, kabarinta take tonawa."

Istifanus ya sosa ƙeya. "Gaskiya ne kuwa. Haka na yi a rafin Dogo bara, sai da aka kawo shanu."

Habila ya ce, "To, yanzu shi ke nan? Za su bar shi can?"

Ba su bar shi ba. Zakka ya nuna musu hoton masu motar. Ashe suna da irinta a gida. Suka sa aka jibge musu rairayi a tsakar ma'aikatarsu, suka kafar da ita da gangan, manyan mutane masu furfura suka durƙusa a cikin yashi suna duba yadda abin yake ga wadda ke can. Sa'an nan suka aika wa Kunkuru magana, maganar ma sai ta yi tafiya kafin ta isa. Ba su ce masa ya yi tsalle ya fito ba. Cewa suka yi ya koma da baya ta kan sawun da ya shigo, kamar faɗin yatsa, ya tsaya, ya aiko da hoto.

Haka aka yi ta yi. Wata rana ya matsa, wata rana ya zame ya koma. Godiyar kaka tana matsowa, ranar kasuwa ta fi ta kusa.

Ran nan da yamma Zakka ya ɗaga waya sama ya yi ihu, "Ya matsa taki guda!" Habila, dattijo guda da shi, ya tashi ya taka rawa a ƙofar shago har hularsa ta faɗi. Ya shiga gida yana murna, ya tarar da matarsa Afiniki tana tankaɗe.

"Afiniki, Kunkuru ya matsa taki guda!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Barka. Ƙarfe ya matsa taki guda a sama, ka yi rawa. Shekaranjiya ɗanka ya zo gaishe ka, idonsa fari tas, ya ce maka, 'Baba, kwana uku ban sha ba.' Me ka ce masa, Baban Gidiyon?"

Ita ta ba kanta amsa.

"Ka ce, 'Uku kawai?' Daga gabanka gidan burkutu ya wuce. Gobe kasuwa. Na ga ya wanke kayansa ya cusa a buhu."

Ta ci gaba da tankaɗenta. Habila ya tsaya da hula a hannu kamar an dasa shi.

Kashegari da sassafe ya tafi tasha. Ya tarar da Gidiyon zaune a kan buhunsa yana jiran mota ta cika. Da ɗan ya hango shi, sai ya tamke fuska, ya shirya wa faɗa. Habila ya zauna a ƙasa kusa da shi.

Ya ce, "Ban zo da wa'azi ba. Dawar gangare ta nuna, bayana kuma ya ƙi. Zo gona ka yanke mini kunya ɗaya ta dawar."

"Ɗaya, Baba?"

"Ɗaya. Ta gobe, sai gobe."

Gidiyon ya daɗe yana kallon motar. Yaron mota ya yi ta kiran fasinja har ta cika, ta tashi, shi yana zaune. Sa'an nan ya saɓi buhunsa ya bi uban.

Ran Lahadi aka buga ƙararrawa, dattawa suka shiga suka zauna a gaba, kujera ɗaya ba kowa. Jama'a suka waiga. Ga Habila can a bencin baya kusa da ƙofa, kafaɗarsa tana gogar ta ɗansa. Mai tsaron ƙofa ya sunkuyo ya raɗa masa, "Dattijo, wurinka yana gaba."

Habila ya ce, "Na sani. Za mu zo. Tare za mu zo."

Ba zan ɓoye muku ba, Gidiyon ya sake zamewa kafin Kirsimeti. Uban ya je da kansa ya ɗauko shi, bai ɗaga murya ba, da safe ya miƙa masa lauje. Kunkuru ya riga Gidiyon fita daga rairayi. Amma Gidiyon ma ya fita.

To, ku buɗe kunnuwanku, ga ma'anar wannan misali. Rairayin nan zunubi ne da baƙin ciki: daga nesa sumul yake, sai ka taka ka san ba shi da ƙasa. Kunkuru ni ce, kai ne, ke ce. Mai ƙera shi kuwa Allah ne, wanda muke gani kamar yana nesa, alhali idonsa yana kan kowace ƙafa tamu. Bai tsaya daga sama yana yi mana tsawa ba. Ya aiko Ɗansa ya durƙusa cikin irin yashinmu, ya san nauyinsa. Tuba kuma ba tsalle ba ce. Komawa ce da baya ta hanyar da ka shigo, yau kaɗan, gobe kaɗan.

Kai da ka kafe, daina juya taya don mutane su ga kana ƙoƙari. Tsaya, ka saurara, ka yi ɗan abin da aka ce ka yi yau.

Ku kuma iyaye da dattawa, da ku nake, kada ku kalli na kusa da ku. Kallon ikon Allah a sama ba laifi ba ne, ku kalla ku yi murna. Amma kowannenku yana da wanda ya kafe a cikin gidansa, kun kuwa san sunansa. In ya matsa taki guda, kada in ji bakinku ya ce "kawai". Bencin baya yana da faɗi. Ku je ku zauna.