Layin Inna Ladidi

Ku matso kusa, ku da kuka iya gardama, yau na kawo muku wadda za ta ishe ku har ku tashi.

A wata mazaɓa da ke tsakiyar birni, inda shaguna suka cinye gidaje har zaure ya zama abin nema, akwai wani ɗan asibitin haihuwa mai ɗaki biyu. Inna Ladidi ungozoma ce a cikinsa tun ƙuruciyarta, kuma rabin mutanen unguwar a hannunta suka yi kukan farko. Sai aka ji za a rushe asibitin a yi rukunin shaguna, ana jiran sabon kansila ya amince. Mai neman kujerar, Alhaji Ɗangoggo, shi ne kuma mai son filin. Da Inna ta ga maza sun yi shiru, sai ta gyara lulluɓinta ta ce ita ma tana nema. A lokacin ƙato bayan ƙato ake zaɓen fid da gwani: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi ana ƙirgawa. A mazaɓar kuwa duk wanda ya ci wannan ya gama, don jam'iyya ɗaya ce ke da mutane.

Mutum uku ne suka tsaya mata a zaɓen nan. Na farko shi ne Tanimu mai shayi. Ranar zaɓe da safe yana haɗa wa wasu yaran Alhaji shayi mai kauri, sai ya ji suna dariya wai an mayar da wurin taron daga firamare zuwa filin bayan tasha, ba a kuma gaya wa tsohuwar ba. Tanimu mutum ne da ko sallar gawa ba ya zuwa sai ya kulle madararsa, amma ranar ya bar teburin a buɗe. Ya bi lungu lungu yana buga ƙofofi, ya je firamare ya kwaso Inna da mutanenta suna zaune suna jiran banza. Kafin ya dawo an shanye shayin, an yi gaba da butar.

Na biyu Mudi tela ne. Da aka ce a jeru, bayan Alhaji ya cika, bayan Inna kuwa tsofaffi ne kaɗan. Jama'a ga su nan tsaye a gefe, kowa na sosa ƙeya, domin yawancinsu a shagunan Alhaji suke haya, shi kuwa ya juyo yana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Mudi ma ɗan hayarsa ne, ga 'ya'ya, ga keken ɗinki ɗaya tal. Ya ratsa tsakiyar fili a gaban kowa, ya wuce mai gidan nasa, ya rusuna ya ce, "Inna, ga ni." Daga nan kunya ta kama sauran, suka riƙa zarewa suna bin sa har layin ya kai bakin titi. Kafin sati ya zagayo an fitar masa da kekensa waje.

Na uku Sabi'u ne, ƙanen Alhaji uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wakilinsa a wurin ƙirga. An gama ƙirga layin Alhaji ke nan sai ruwa ya kece. Mai ƙirgar ya naɗe takardunsa ya ce a tashi haka nan, ai an ga wanda ya fi, alhali layin Inna na tsaye cikin ruwa ba wanda ya motsa. Wakilin Inna ya yi ta magana ba mai jin sa. Sai Sabi'u ya cire babbar rigarsa ya rufa wa mai ƙirgar a ka, ya kama hannunsa ya ce, "Mu je. Wannan matar ce ta yanke mini cibiya, ba za a zalunce ta ina tsaye ba." Aka ƙirga har na ƙarshe, Inna ta ci. Har yau yayansa ba ya amsa gaisuwarsa.

Asibitin yana nan, har an ƙara masa ɗaki. Inna ta yi kuka ta yi godiya, ta ce ba ta da abin da za ta biya su. Ana nan sai matar ɗanta ta haifi namiji a sabon ɗakin, ɗan ya ce uwarsa ce za ta zaɓi suna. Ta ce ɗaya daga cikin ukun nan za ta yi wa takwara. Gobe ne suna, an ɗaure rago, liman ya aiko a gaya masa abin da zai raɗa, ita kuwa tana zaune da jariri a cinya ta rasa wanda za ta zaɓa.

To, in ku ne Inna Ladidi, sunan wa za ku aika wa liman: Tanimu, Mudi, ko Sabi'u?