Rumfa Ɗaya, Motoci Biyu

A gidan biki, Alhaji Mamuda da Alhaji Sidi suka tsaya da motocin tserensu a bakin rumfa ɗaya, kowa ya ƙi matsawa.

Mai biki ya kira maigadinsa. "Tanimu, zaɓi wadda za ta sha inuwa. In ɗayansu ya yi fushi, a bakin aikinka."

Tanimu ya rusuna. "Ranku ya daɗe, sabuwa dal ba ta tsoron rana, sai 'yar Kwatano da aka sake wa fenti. Ta waye, in buɗe masa?"

"Allah ya kiyaye!" in ji Mamuda, ya ja da baya.

"Ni kake kallo?" in ji Sidi, ya kai tasa tsakiyar rana.

Tanimu ya turo tsohon kekensa cikin rumfar. "Shigo abinka, ɗan Kwatano."