Zoben da Ba a Haɗe Bakinsa

Ranar Laraba ce, sha ɗaya ga watan Gani, da hantsi, wajen ƙarfe tara a lissafin agogon yanzu. Shekarar ce ba wanda ya riƙe. Kakata Yalwa, wadda na ji labarin daga bakinta, ta ce a lokacin daga Dutsen Kura har bakin gulbi babu gona ko ɗaya, sai kurmi da sawun giwa.

A dajin nan akwai wani maharbi mai suna Tunau. Ana yi masa kirari da Tunau na Hanne, baka ɗaya kibiya ɗaya, mai kwana inda zaki ya tashi. Hanne mahaifiyarsa ce. Kafin ta rasu ta sa aka narka 'yan kunnenta na azurfa aka yi zobe, ta zura masa a yatsan da yake jan tsarkiya da shi, ta ce kada ya bari ya bar hannunsa. Ya yi mata alkawari. Shekara goma sha huɗu bai cire ba.

A safiyar nan ya bi wani farin gwanki da ya daɗe yana hange bai taɓa samu ba. Gwankin ya tsaya a gindin wata tsamiya, ya waiwayo ya dube shi, ya ɓace. Inda ya tsaya akwai laima. Tunau ya durƙusa yana tonawa, ruwa ya fara tsatsowa, sai kububuwa ta sare shi a bayan hannu.

Ya san maganin sara. Ya tauna saiwa ya shafa, dafin ya tsaya. Amma hannun ya kumbura, zoben ya nutse cikin nama, yatsan ya soma baƙi.

Ana haka sai ga ayarin fatake masu gishiri, ƙishirwa ta koro su. Madugu ya duba hannun ya ce, "Ɗan'uwa, a fasa zoben nan a cire. In ba haka ba, kafin la'asar yatsan ya mutu, gobe hannun ya bi shi."

"To ya mutu da zobensa," in ji Tunau.

A cikin ayarin akwai wani tsohon maƙerin azurfa, Gajere, wanda idanunsa suka mutu, da 'yarsa Tasalla da take yi masa aikin. Ta zo ta tsuguna gaban maharbin.

"Kai ne mai kwana inda zaki ya tashi? Ga abin da bai kai nauyin goro ba yana neman kayar da kai."

"'Yar maƙera, alkawarin uwa ne."

"Na ji. Ba zan cire ba. Miƙo hannun, ka kuma daina kallona kamar zan gudu da shi."

Ta shimfiɗa fata a ƙasa. Ta fere siririn ƙaho, ta shafa masa man kaɗanya, ta lallaɓa shi ƙarƙashin zoben don kada magagari ya ci nama. Sannan ta fara gogawa a hankali. In azurfar ta yi zafi, sai ta ɗiga mata ruwan da Tunau ya tono. Gajere yana zaune gefe, ya karkata kai yana sauraron kukan magagarin. Can ya ce, "Sassauta, 'yata. Kin kusa."

Da azahar zoben ya yanke. Ta kama gefensa biyu da awartaki, ta buɗa shi yana nan a yatsan, ta goge kaifin bakinsa. Jini ya koma. Kakata ta ce maharbin da bai yi ƙara ba da maciji ya sare shi, a nan ne ya zubar da hawaye.

Bayan kwana tara kumburin ya saɓe, Tunau ya roƙe ta ta haɗe bakin zoben. Ta ƙi. Ta matse shi daidai yatsan, ta bar tsaga mai faɗin ƙwayar dawa.

"Hannun mutum yana kumbura, yana ramewa," in ji ta. "Bar masa ƙofa."

Garin azurfar da ya zuba a fata ta tattara ta ba shi. Ya zuba shi a ramin ruwan, ya ce a kira wurin Rijiyar Tasalla. Sunan garinmu ke nan, rijiyar kuwa ba ta taɓa ƙafewa ba.

Tun daga nan maƙeranmu ba sa haɗe bakin zobe. Baƙi sukan ɗauka aikin ne ba a gama ba. Ina shekara ashirin kunama ta harbe ni a yatsa a gona, mahaifina ya buɗa zobena da haƙori. Da wannan yatsan nake riƙe alƙalamin nan, kuma ban taɓa ɗaukarsa ban gode wa matar nan ba. Yanzu zobban kasuwa sun yi yawa, maƙera uku kaɗai suka rage mana, dukansu sun tsufa.

A rana ta goma da saran macijin nan, ayarin fataken ya tashi. Waɗanda suka zauna a gindin tsamiya su ne: Gajere makaho, Tasalla da magagarinta, wani falke, Anaruwa, wanda jakinsa ya gurgunce, da matarsa Kyauta, karnukan farauta biyu, da Tunau na Hanne, yatsunsa goma cif, zoben uwarsa a hannu.