Kurege da Ajiyar Ɗaki Mai Taya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mun gyara zama.

To, a garin Ruwan Gora an yi wani Raƙumi bafatake, ana ce masa Madugu. Madugu yana da abin da ba wanda yake da irinsa a duk yankin: ɗaki mai taya. Ɗaki sosai, da ƙofa, da taga, da gado a ciki, ga tayoyi biyu a ƙasa, ga ƙarfe a gaba wanda ake ja da shi. Da rani ya ja abinsa kasuwa kasuwa, inda ya gaji ya tsaya ya shige ya huta. Mutanen gari suna kiransa tirelar Madugu.

Ana nan, damina ta kawo kai. Kun san raƙuma, da ruwa ya sauka sai su yi arewa lasar gishiri. Taya kuwa ba ta shiri da taɓo. Dole a bar tirela a gida. Ga Kura a bayan gari, ta shekara uku tana haɗiyar yawu a kanta.

Sai Kurege, maƙwabcin Madugu, ya zo da gudu, wutsiya a sama.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, bar mini ajiya. Dabaru ne fal a kaina, har suna hana ni cin abinci."

Madugu ya ce, "Faɗi mu ji."

Kurege ya ce, "Ta farko, a ja ta gindin tsamiya a ɗaure ƙarfen gaba da sarƙa, a datse da kwaɗo. Ta biyu, a rufe ta da zana, a kewaye da ƙaya. Ta uku, ita ce babba, a ɗora ta a kan duwatsu a kwance tayoyin, in ɓoye su a ramina. Ɓarawo ya zo ya ɗauki ɗaki a ka mu gani!"

Madugu ya ce, "Kai, ɗan maƙwabci, ashe kanka na ja."

Aka ɗaure, aka rufe, aka kwance. Madugu ya ba Kurege makullin sarƙa, ko ambaliya za ta sa a matsar da tirela. Makullin ƙofa kuwa ya jefa shi baki ya haɗiye, ƙwat!

Kurege ya ce, "Af! Ranka ya daɗe, ba ka yarda da ni ba ne?"

Madugu ya ce, "Na yarda da kai mana. Akwai dabino buhu guda a ciki, shi ne bai yarda da kai ba. In na dawo na tuƙo makullina. Amma ka ji da kyau: in na tarar ko ƙusa ɗaya babu, a kanka zan durƙusa."

Kurege ya dubi gwiwar Madugu, ya dubi kansa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Madugu ya tafi. Kurege ya zauna gadi. Ya zauna, ya zauna, ƙanshin dabino na fitowa ta ƙasan ƙofa. Ya shaƙa da safe, ya shaƙa da rana. Ya gwada ƙofa, ƙarfe. Ya gwada taga, ƙarfe. Ciki ya fara kiran sunansa.

Sai ga Biri ya zo wucewa da kwandon gyaɗa. Ya leƙa rami ya ga tayoyi.

Ya ce, "Abokina, wannan ai lilo ne ga 'ya'yana. Ba ni ɗaya, ka riƙe kwandon."

Kurege ya ce a ransa, "Ɓoye taya ɗaya ya isa hana sata. Ɗayar zaman banza take yi." Ya miƙa taya, ya rungume gyaɗa.

Gyaɗa ta ƙare. Ƙanshin dabino bai ƙare ba.

Sai ga Kunkuru mai fito, rafi ya cika, kwalekwalensa ya ɓule. Ya ce, "Ɗana, ba ni wannan baƙar aba in riƙa ƙetarar da mutane. Ga aya masaki biyu."

Kurege ya ce a ransa, "Ai in babu taya ko ɗaya a kusa, tsaro ya ƙara ƙarfi ke nan." Ya miƙa taya, ya rungume aya.

Aya ta ƙare. Damina ma ta ƙare. Rannan Hankaka ya sauka a kan tsamiya ya ce, "Albishirinka, mai gadi! Na baro Madugu a hanya, jibi da azahar yana Mararraba."

Kurege ya ji gwiwar Madugu a tsakiyar kansa tun ba ta iso ba.

Ya ruga wurin Biri. Biri ya ce, "Dawo da gyaɗata ka ɗauki tayarka." Ya ruga wurin Kunkuru. Kunkuru ya ce, "Dawo da ayata ka ɗauki tayarka." Kurege ya shafa ciki. Gyaɗa da aya sun daɗe da yin nisa.

Ya zauna yana neman dabara. Can wutsiyarsa ta miƙe. Sai bayan gari, gidan Kura.

Ya ce, "Salamu alaikum, Gwaggo."

Kura ta ce, "Yau kuma Gwaggo? Wata huɗu ina kewaya tsamiyar nan kana jifana da tsakuwa."

Kurege ya ce, "Aiki ne, Gwaggo. Yanzu na gaji. Wata huɗu ina gadi, ko ƙwallon dabino ban lasa ba. Ke ki ɗauki ɗakin, ni ki fasa mini ƙofa in ɗauki buhu."

Kura ta ce, "Da me zan ja shi? Da addu'a? Ina tayoyin?"

Kurege ya ce, "Abin da ya kawo ni ke nan. Madugu ya raba su don tsaro, ɗaya wurin Biri, ɗaya wurin Kunkuru. Ni ba sa jin maganata. Ke kuwa, ko hamma kika yi..."

Kura ta tashi. Ta je gindin bishiyar Biri ta yi hamma guda. Biri ya kwance lilo da hannunsa, har yana cewa ta gai da gida. Ta je bakin rafi ta yi hamma guda. Kunkuru ya sauke fasinja a tsakiyar ruwa ya turo taya.

Ranar da Madugu zai iso, da hantsi, kowa yana gona wurin girbi. Kura ta janye ƙaya, ƙaya ta soke ta. Ta sa kafaɗa ta ɗaga tirela, Kurege ya ɗaura tayoyi. Tana nishi, yana cewa, "Ƙara ɗagawa, Gwaggo, saura noti ɗaya." Noti ɗaya ya zama goma.

Sannan ya buɗe kwaɗo, ya kwance sarƙa daga tsamiya, ya naɗa wa Kura a ƙirji, ya datse, ƙaras!

Kura ta ce, "Kwaɗon na mene ne?"

Ya ce, "Kada ta kuɓuce miki a gangare. Ga kuma buhu ki sa a ka, kada 'yan girbi su gane ki. Ni zan hau sama in zame miki ido. Na san wata ɓarauniyar hanya."

Kura ta sa buhu. Ta ja. Kurege yana bisa rufi, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Dama, Gwaggo!" Ta yi dama.

"Hagu, Gwaggo!" Ta yi hagu.

"Tudu ne, Gwaggo, a daure!" Ta daure.

"Mun kusa?"

"Mun kusa, Gwaggo."

Can Kurege ya ce, "Tsaya!" Ya diro, ya zare buhu. Kura ta buɗe ido ta ga ƙafafu huɗu dogaye. Ta bi su da kallo sama, sama, har ta iske fuskar Madugu yana tuƙa. Ga raƙuma goma sha biyu a bayansa, a tsakiyar Mararraba.

Kurege ya zube ya ce, "Barka da sauka, ranka ya daɗe! Tarye muka zo. Gwaggo ce ta rantse ba za ka shiga gari a ƙasa ba, sai ta kawo maka ɗakinka har nan. Ko ba haka ba, Gwaggo?"

Kura ta ƙirga raƙuma. Ta ce, "Haka ne. Sannu da hanya."

Kurege ya ce, "Ga makullin sarƙarka." Madugu ya karɓa, ya jefa baki yadda ya saba, ƙwat!

Kura ta ce, "Wayyo!"

Madugu ya kewaya tirela yana sunsuna. Ya ce, "Me ya sa wannan tayar take ƙarnin rafi?"

Kurege ya ce, "Wanki muka kai ta."

"Wannan kuma shatin igiya fa?"

"Rataye ta muka yi, saboda gara."

Madugu ya ƙirga ƙusoshi, ba wadda ta ɓata. Ya ce, "Madalla." Ya yi gyatsa, makullin ƙofa ya fito. Ya buɗe, ya jawo buhun dabino. Kurege ya miƙa hannu biyu, yawu har ƙirji.

Madugu ya ce, "Al'adarmu ta fatake, tsarabar farko ta wanda ya yi gumi a tarye ce. Kai ɗan maƙwabci a sama ka zo, ko ƙura ba ka taka ba. Ungo, Kura."

Jama'a, kun san Kura ba ta cin dabino. Amma ranar ta ci. Ta zauna da sarƙa a ƙirji, ta kafa wa Kurege ido, tana taunawa ɗaya bayan ɗaya, tana tofa masa ƙwallon a goshi. Har buhu ya ƙare.

Da ta gama ta ce, "Madugu, a kwance ni."

Madugu ya yi gyatsa, babu. Ya sake, babu. Ya ce, "Wannan ya yi ƙasa da yawa. Mu je kasuwar gaba, tafiya ce ke taso shi."

Kasuwa bakwai Kura ta ja tirela kafin makulli ya ga dama. Shi ya sa har gobe bayanta yake a sauke. Kurege kuwa, in kun gan shi tsaye a kan ƙafa biyu yana waige waige, Biri da Kunkuru yake dubawa, don suna nan suna nemansa.

Ƙurunƙus kan ƙwallon dabino! Wanda zai ajiye abu mai taya, ya kwance tayar. In kuwa Kurege ne mai gadi, ya haɗiye ta ita ma.