Gundumar Da Ta Bi Kogi

An yi wani sarki a ƙasar Ɗorawa, ana ce masa Jatau, wanda ya raba ƙasarsa gunduma-gunduma, kowace gunduma ta zaɓi wakili guda ya zauna a majalisar birni, shi kuwa birnin aka ba shi kujera biyu saboda girmansa. Galadima ne ya ja iyakokin, da ya zo kan babban kogi sai ya mai da shi iyaka, gabas da wakilinta, yamma da nata, don ya fi sauƙi.

To masunta a bakin kogin suke zaune, rabi nan rabi can, kasuwarsu ɗaya, maƙabartarsu ɗaya, amma a kowane ɓangare manoma sun rinjaye su. Wata shekara majalisa ta yanke a tare kogin don noman rani, ba wanda ya tsaya wa masunta. Sarkin Ruwa, shugaban masunta, ya zo fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, in an tare ruwan nan mun tashi. Kuma ba a tambaye mu ba."

Galadima ya ce, "Ku da kuke da wakili har biyu?"

Sarki ya dubi wazirinsa Mantau ya ce, "Waziri, ga mutum mai wakili biyu yana kukan ba shi da ko ɗaya. Warware mini wannan kafin a sa fartanya a kogin."

Waziri ya sa aka kira wakilan biyu, Nomau na gabas da Tanko na yamma, ya ce, "Dattawa, bara jirgi ya kife a tsakiyar kogi, mutane sun rasu. Wane ne cikinku ya je ta'aziyya?"

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai daga yamma jirgin ya taso."

Tanko ya ce, "Amma gabas ya nufa, malam."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ka ji amsar. Wanda aka raba shi biyu, kowa cewa yake na ɗan'uwansa ne. Shawarata a yi wa masunta gunduma tasu, ta bi kogin tun daga sama har ƙasa, ta haɗa gaɓa da gaɓa, kuma a dakata da tare ruwa sai wakilinsu ya zauna an ji ta bakinsa."

Galadima ya yi dariya ya ce, "Gunduma siririya kamar hanjin kaza? Kuma ka manta kujerun majalisa ba a ƙara su, haka sarki ya tsara tun farko. Wa zai tashi ya ba masu ƙarnin kifi wuri?"

Waziri ya ce, "Birni yana da biyu, alhali mutumin birni ko tari ya yi sarki na jin sa. A ɗauki ɗaya."

Sarki ya ce, "Ka san kujera ta biyun ta wane ne?"

Ya ce, "Na sani, ta ƙanena Gambo ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Zai daina gaishe ni, watakila har matarsa ta daina aiko mana da tuwon sallah. Amma shi in ya tashi daga kujera gida zai koma, masunta kuwa in ruwa ya tsaya ba su da gidan komawa."

Sarki ya yi umarni aka yi haka, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa waziri. Masunta suka zaɓi wakilinsu, majalisa ta sake zama, aka daidaita a ja wa manoma ruwa ta rafi a bar kogi yana gudu. Gambo kuwa bai ƙara taka gidan waziri ba, sai dai su haɗu a masallaci.

Shi ya sa masu hikima suke cewa, adalcin da bai taɓa gidan mai yin sa ba, ba a gama auna shi ba tukuna.